Izini Daga Kan Kogin Nilu

Kan jirgin ruwa, Kogin Nilu, ƙasar Masar
Lahadi, 4 ga Safar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga Shehi Abdulganiyyu ɗan Shehi Ma'aruf, mai shagunan turare bakwai a Makka da biyu a Jidda, wanda tajirai ke miƙewa in ya shigo, zuwa ga Ammu Hadi, mai gadin tsohon gidanmu na Utaibiyya. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina zafi? Ina ƙafar nan taka mai ciwo in za a aike ka, mai warkewa in an sauke tukunya?

Bayan haka, labari ya iso ni cewa kana gaya wa 'yan majalisar shagon ful, dafaffen waken nan, wai ba na ɗaga ƙafa sai na shawarce ka. Ga shi na bar ƙasar ban yi maka sallama ba, har samari suna yi maka dariya. To ga takarda, ka toshe musu baki. Ka tsaya a tsakiyarsu ka karanta da ƙarfi, kada ka tsallake ko layi ɗaya.

Daga Alƙahira na hau, kwana goma sha huɗu za mu yi kafin Aswan. Ni kaɗai nake, ba mata, ba 'ya'ya, ba direba. Likita ne ya ce in huta. Jirgin hawa huɗu ne, sai ka ce an ɗauko otal daga bakin Harami an kwantar da shi a kan ruwa. Sau uku ake kaɗa ƙararrawa a yini, kuma duk ta abinci ce. Da kana nan da kai ne mai kaɗa ta. Turawa kuwa suna kwance a rufin jirgi suna gasa kansu da gangan, a ranar nan da mu muke gudu. Jiya mai gyaran ɗaki ya naɗe tawul ya yi kada da shi, ya sa masa tabarona, ya girke shi a kan gado. Na buɗe ƙofa na zabga salati har matuƙi ya aiko a ji ko lafiya.

Ruwan kogin na ɗanɗana shi, gishiri-gishiri ne. Salla kuma ba matsala: tun ranar farko na tambayi alƙibla, aka nuna mini taga, na shimfiɗa darduma ban sake taɓa ta ba.

Ta waya nake turo wa Muttaka, yaron nan mai tura keken alhazai da ke kwana a saman gidan, shi zai kwafe maka da ajami, ya kuma turo mini amsarka. Yaron kirki ne, mai hankali, ga kyau. Ka daina kiransa shaiɗan. In kun zauna cin abinci ka riƙa tura masa naman gabansa.

Ka huta lafiya. Wassalam.
Shehi Abdulganiyyu

Utaibiyya, Makka
Litinin, 5 ga Safar

Zuwa ga maigidana ɗan maigidana, Shehi Abdulganiyyu. Amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ka. Allah ya jiƙan Shehi babba, ya sa hutun nan ya zame maka magani.

Takardarka ta same ni bayan La'asar, na karanta ta sau uku. Shekara talatin da shida ina ƙofar gidan nan, ban taɓa samun takarda da sunana a kanta ba. Ka yi mini afuwa, ban kai ta majalisa ba. Maganar da mutum ya aiko maka daga nesa ba ta shagon ful ba ce. Na sa ta cikin gafakar Alƙur'anina. Muttaka ya yi ta matsa mini in je in karanta, har ya ɓata rai, ban san abin da ya dame shi da ita ba.

Na yi mamakin Hausarka. Ni na san ka da Larabci ta gilashin mota, "Kef halak ya Ammu," kafin in amsa ka wuce. Ashe tana nan cikinka.

Amma akwai abu biyu, ranka ya daɗe. Ka ce ruwan da gishiri. Anya daga kogin aka ɗebo maka? Ni mutumin Yauri ne, a bakin kogin Kwara aka haife ni, shekara ashirin ina fito da mutane da albasa a kwalekwale kafin in zo aikin Hajji in zauna. Kogi ba ya gishiri.

Na biyu ya fi nauyi, maganar darduma. Kogi ba titi ba ne, lanƙwasa yake yi. Alƙiblar da ka samu da Asuba, kafin Azahar ta koma bayan kunnenka. Ba laifinka ba ne. Ku 'yan Makka ba ku taɓa neman alƙibla ba, kun buɗe ido kun gan ta. Kafin kowace salla ka fita ka dubi rana, ko ka tambayi matuƙi. Sallolin da suka wuce kuma, ka tambayi malamai.

Ka gaya mini don Allah, hawa kuke yi ko gangara? Wane irin kifi suke kamawa? Mata na wanki a gaɓa?

Muttaka kuwa, ni na koya masa baƙi da wasali, a gabana aka ɗauki gawar uwarsa, kwano ɗaya muke ci tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Na fi ka saninsa. Makon jiya ya gaya wa wani alhaji ɗan Nijar cewa ni waliyyi ne mai ɓoye kansa, mutumin ya biyo ni har ƙofar banɗaki yana neman addu'a. Naman dai zan tura masa tunda ka ce.

Allah ya maido ka lafiya.
Baranka, Hadi

Kan jirgi, Kogin Nilu
Alhamis, 8 ga Safar

Ammu Hadi, sallama da gaisuwa. Ina fatan ƙafar ta yi sauƙi, wannan karon da gaske nake tambaya.

Gishirin nan na bincika, ashe yatsana ne, gyaɗa na ci kafin in tsoma. Darduma kuma yanzu tana zagaya ɗaki kamar mai ɗawafi. Maganar hawa da gangara ce ta ba ni wuya. Na ce wa matuƙi ruwa ai a kwance yake, ina tudun da za a hau? Ya yi mini dariyar da rabon da a yi mini ita tun ina makarantar allo. Sai na jefa gutsuren burodi muna cikin tafiya, ya koma baya. Ke nan hawa muke.

Bari in ba ka yinin nan yadda yake. Da hantsi jirgi ya riga ya tashi. Dabino ne a gaɓa hagu da dama, kore shar, a bayansa kuma rairayi, kamar an ja layi da wuƙa. Ga mai jaki, ga ɓauna a cikin ruwa sai hancinta, ga mata na wanke tukwane, e, suna wanki. In lokacin salla ya yi, sai wannan gaɓa ta kira, waccan ta amsa, ƙauye bayan ƙauye, mu muna ratsawa ta tsakiya. Da rana 'yan talla ke zuwa a ƙananan jirage, su ɗaure igiya a jikin namu, su riƙa cillo mayafai har hawa na huɗu. Ɗaya ya sauka a cikin miyar wani Bature. Jiya mun shiga wata madatsa: aka rufe ƙofar ƙarfe a bayanmu, ruwa ya yi ta cika, jirgi da girmansa ya yi ta tashi a hankali ba wanda ya ɗaga shi. Daga nan aka buɗe ƙofar gaba, muka wuce.

Abin da ban saba da shi ba shi ne tebur. Kowa da nasa mutanen. Ni in na zauna, mai kawo abinci sai ya ɗauke faranti na biyu da cokalinsa, cikin ladabi, ya tafi da su. Sau uku a yini yana yi mini haka. Abinci kala ashirin, amma ba wanda zai buge maka hannu ya ce ka bar wannan yankan nasa ne. Akwai wata tsohuwar Baturiya ita ma ita kaɗai, mukan gyaɗa wa juna kai, iyakar zumuncin ke nan.

Yaran gaɓa suna ɗaga mana hannu suna bin jirgi da gudu har su gaji. Nakan tuna akwai waɗanda aka haifa a tsakanin duwatsun Makka ba takardar zama ba fasfo, ko Jidda ba sa iya zuwa saboda shingen bincike. Ban san me irinsu za su yi ba in aka ce ga hanya ta kwana goma sha huɗu, ba mai tsayar da su.

Kai, ruwa na sa mutum surutu. Ka ba ni labarin naka kogin, tunda ka raina nawa.

Wassalam.
Abdulganiyyu

Utaibiyya
Asabar, 10 ga Safar

Ranka ya daɗe, amincin Allah ya tabbata a gare ka. Ƙafa da godiya.

Burodinka bai gaya maka komai ba. Jirgi na tafiya, duk abin da ka jefa baya zai koma. Sai kun tsaya an ɗaure jirgi, sannan ka jefa.

Ka ce in ba ka labarin Kwara. Ban iya ba da shi yadda ka iya ba. Na dai san nauyin gorar tuƙi in ta taɓa ƙasa, da yadda take shiru in ta rasa ƙasa. Na san launin ruwa a inda yashi ya kwanta. Ranar kasuwar Yauri nakan loda albasa har ruwa ya zo yatsa huɗu da bakin jirgi, mata a zaune a kan buhuna ba mai motsi, in dorina ta yi atishawa a nesa sai ka ji kowa ya tuna da Allah. Tun da takardunka suka fara zuwa nake jin ƙanshin laka a hancina, a nan inda ba laka.

Shi ya sa zan faɗi abin da na kasa faɗa maka ta gilashin mota.

Ranar da Shehi babba zai cika, ya kama hannuna ya ce, "Hadi, kada ka bar ƙofar gidan nan sai mun sallame ka." Na ce na ɗauka. Shekara goma sha tara ke nan. Kun tashi kun koma sabon gida, an zuba 'yan haya a wannan, ni ina nan a kan kujerata. Ba wanda ya sallame ni, ni kuma ban ga fuskar tambaya ba.

Ina da 'ya, Hauwa. Tana da shekara biyu na baro ta. Uwarta ta rasu ban je ba. Yanzu ita ma ta aurar da 'ya. A Hajjin bana ta aiko da muryarta a wayar wani ɗan garinmu, ta ce, "Baba, ba na neman komai, ka zo in ga wa na yi kama da shi."

Akwai wani Munzali, shi ma na Yauri, ba shi da takardar zama kamar ni, zai miƙa kansa ga hukuma ranar Lahadi ta sama, 18 ga wata, a mayar da shi gida. Ya ce mu tafi tare, ya riƙe ni a wurin jira da cikin jirgin sama, don ni kaɗai ba zan iya ba da wannan ƙafa. Na san in suka ɗauki zanen yatsuna ba dawowa. Na san kuma abin da zan rasa: na so a sallace ni a Harami, a rufe ni a ƙasar nan. Wannan tsakanina da Ubangijina ne, na yi istihara, zuciyata ta karkata ga tafiya. Amma alkawarin ba nawa ba ne ni kaɗai. Kai ne magajin Shehi. In ka ce na sallame ka, in tafi. In ka ce zauna, in zauna, ba zan ƙullace ka ba.

Muttaka zai ga wannan wajen turo maka. Ban gaya masa da baki ba, na kasa.

Ina jiran kalmarka.
Baranka, Hadi

Kan jirgi
Talata, 13 ga Safar

Ammu Hadi, gaisuwa.

Ka yi haƙuri da jinkiri. Jirginmu ne ya hau yashi, kwana biyu muna wuri ɗaya. Injin na kuka, ruwa na wucewa ta gefenmu, dabinon da na gani shekaranjiya shi nake gani yau. Na ma daina sauka wurin cin abinci.

Maganarka babba ce, ba ta takarda ba ce. Ka bari in dawo mu zauna. Daga Aswan zan wuce Turkiyya, wata biyu ko uku, bai fi ba. Munzali ba shi kaɗai ne ɗan Yauri a Makka ba, wani zai samu.

Kuma ka yi tunani. Mutane na sayar da gonakinsu don su zo su mutu a inda kake zaune, kai kuma za ka fita da ƙafarka? Garin da ka bari ba shi za ka tarar ba. Wa zai san ka? A nan kuwa ko kuliyoyin layi sun san tarinka. Ƙofar ma wa za a bar wa? Yaron nan Muttaka ba shi da kowa, in ba idonka a kansa lalacewa zai yi.

Ka zauna tukuna.

Abdulganiyyu

Utaibiyya
Laraba, 14 ga Safar

Ranka ya daɗe, amincin Allah ya tabbata a gare ka.

Na ji, na bi. Na je na gaya wa Munzali ya tafi abinsa. Na kwance jakar. Turaren da na saya wa Hauwa na ba shi ya kai mata, na ce ya gaya mata maigida bai sallame ni ba tukuna, ta ƙara haƙuri. Ta iya, ta daɗe tana yi.

Gaskiyarka game da yaron. Kwana huɗu ke nan ba ya cin abincin kirki, ba ya tsokanar kowa, jiya har ya gaishe ni a durƙushe. Ina jin ba shi da lafiya.

Jirgin da ya hau yashi ba a matsa masa wuta, ƙara nutsewa yake. Ku rage masa kaya, ku ja da baya, sannan ku nemi inda ruwa ya fi duhu.

Allah ya fisshe ku lafiya.
Baranka, Hadi

Saman gida, Utaibiyya
Juma'a, 16 ga Safar

Baba, sallama. Ka zauna kafin ka karanta.

Ba Shehi ba ne. Tun takarda ta farko ba shi ba ne. Hotonsa na gani a kan jirgi a wayar Marwan mai tsaron shagon turare, na ce bari in sa ka karanta shirme a majalisa mu yi dariya. Ka ƙi kai ta, ka sa ta a gafaka. Daga nan ya kamata in daina. Amma ka yi tambaya, ni kuma ban taɓa jin ka yi wa wani magana haka ba, sai na so in ji sauran. Kadan tawul da madatsa da 'yan talla duk daga bakin Mahmudu mai ful na kwaso, ya yi aikin kai abinci a irin jiragen nan kafin ya zo. Gishiri da darduma da burodi nawa ne. Ruwan da na taɓa gani yana tafiya shi ne ambaliyar da ta kwashe motoci a layinmu.

Takardar Talata ita ce ba wasa ba. Da hankalina na rubuta ta. Ka ba Shehi wuƙa da nama, suka faɗo hannuna, na yanka wa kaina. Na sa ka kwance jaka, na sa Hauwa ta ƙara jira, don kawai kada in zauna gaban kwano ni kaɗai. Wannan ba tsokana ba ce, zalunci ne, kuma na san sunansa tun ina rubutawa.

Yau bayan an sauko Juma'a na karɓi lambar Shehi a wurin Marwan, na kira shi. Ba ya kan kowane jirgi, hoton na bara ne, yana asibitin ido a Alƙahira. Na gaya masa komai, har da sunansa da na ara. Ya zage ni da Larabci, na cancanta. Da na zo kan alkawarin sai ya ce, "Wane alkawari?" Baba, bai sani ba. Ba wanda ya sani a gidansu. Sannan ya ce in danna abin ɗaukar murya, don ya san ba za ka ƙara yarda da takardar da ta fito daga hannuna ba. Ya yi maka magana da kansa, da 'yar Hausarsa mai ɗingishi. Ba zan rubuta abin da ya ce ba, naka ne, da kunnenka za ka ji. Amma ka ɗaure jakar.

Na je wurin Munzali, jibi bayan Asuba yana nan a kan bakansa. Na karɓo turaren, ka kai mata da hannunka. Ni zan tura ka a kekena har inda aka yarda irina ya kai.

Ban ce ka yafe mini yau ba. Ina zaune a matakala ta uku da wayar a hannu. In da sanda za ka fito, fito da ita, yau ba zan gudu ba.

Ni ne na rubuta, ukun can da wannan,
ɗanka Muttaka